Waiwaye: yadda batsa da ban ƙyama suka haɗu a fasahar Japan

A 1939 masu tace littattafai a Japan suka haramta wani gajeren labari na Edogawa Ranpo mai suna Imomushi. Labarin soja ne da ya dawo daga fagen daga ba hannu ba ƙafa, ba ji ba magana, da matarsa mai jinyarsa tana kuma gana masa azaba. Tun 1929 labarin yake hannun mutane. Sai da ƙasar ta yi nisa a yaƙinta da China aka ga bai dace jama'a su ga jikin soja a wannan hali ba. A ganina raunin sojan ya fi sha'awar da ke cikin labarin tsone wa hukuma ido.

Wannan salo shi ake kira ero guro nansensu, kalmomin Turanci uku da Japanawa suka gutsuttsure: batsa, abin ƙyama, da shirme. Sunan ya yi tashe wajen 1930, amma abin ya girmi sunan nesa ba kusa ba. A zamanin Edo, wato lokacin da gidan Tokugawa ke mulkin Japan, ana sayar da hotunan shunga na saduwa da ake bugawa da sassaƙaƙƙen katako, har Hokusai ya zana mace da dorinar ruwa a 1814. Tsakanin 1866 da 1867 kuma Yoshitoshi da Yoshiiku suka fitar da hotuna 28 na kisan kai, jini male-male, akasarinsu daga wasannin kwaikwayon gargajiya na kabuki. Ba a daɗe ba mulkin Tokugawa ya rushe a 1868.

Girgizar ƙasar da aka yi a Kanto, yankin da Tokyo take, a 1923 ta kashe mutum sama da dubu ɗari. Tokyon da aka sake ginawa ta cika da gidajen shan kofi, gidajen rawa da mujallu masu araha, a daidai lokacin da dokar tsaron zaman lafiya ta 1925 ta sa maganar siyasa ta zama wasa da wuta. Umehara Hokumei ya kafa mujallar Gurotesuku a 1928, ya yi ta shan tara da haramci. A watan Mayun 1936, wata uku bayan yunƙurin juyin mulkin soja, wata mata mai suna Abe Sada ta shaƙe masoyinta ta yanke al'aurarsa, jaridu suka yi caa a kanta.

Bayan 1945 abin ya dawo ta mujallun kasutori, waɗanda suka ci sunan wata muguwar giya mai arha. Ana tsokanarsu cewa fitowa uku suke yi su mutu, kamar yadda kofi uku ke kayar da mashayi. Oshima Nagisa ya mai da labarin Abe Sada fim a 1976, sai a Faransa aka wanke hotunan fim ɗin, don sashe na 175 na dokar laifuka ya hana abin batsa. An gurfanar da Oshima kan littafin hotunan fim ɗin, kotu ta wanke shi.

Yau a manga, wato littattafan labari cikin zane, aka fi ganin salon, musamman wajen Maruo Suehiro, wanda ya zana Imomushi a 2009. A 2010 Wakamatsu Koji ya yi fim mai irin wannan jigo, na nakasasshen soja da matarsa, kuma Terajima Shinobu da ta fito a matar ta lashe kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin finafinai na Berlin.