Hanyar Santiago a Ƙafa: Tambayoyin Mai Shirin Ɗaura Takalmi

Wai wace hanya ce wannan, kuma me ke ƙarshenta?

Santiago de Compostela birni ne a yankin Galisiya, arewa maso yammacin Sifaniya. Kiristoci sun yi imani cewa a babbar majami'arsa kabarin Yakubu ɗan Zabadi yake, ɗaya daga cikin almajiran Yesu 12. Tun ƙarni na 9, zamanin Sarki Alfonso na II, mutane ke takowa zuwa wurin daga ko'ina a Turai. Hanyoyin suna da yawa, amma wadda ta fi suna ita ce Camino Francés, wato hanyar Faransa. Tana tashi daga Saint-Jean-Pied-de-Port a gindin tsaunukan Pyrenees, ta ratsa Pamplona, Logroño, Burgos da León. Tsawonta kusan kilomita 780 ne, ya zarce Kano zuwa Maiduguri da nisa. A 1993 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya, kuma a 2023 sama da mutum 440,000 ne suka karɓi takardar shaidar kammala ziyara a Santiago.

Kwana nawa take ci?

Yawanci kwana 30 zuwa 35, idan ana yin kilomita 20 zuwa 25 a yini. Wanda ba shi da wata guda na hutu yakan fara daga Sarria, inda ya rage kusan kilomita 115, ya gama cikin kwana 5 ko 6. Ba abin kunya ba ne, sai dai ya san nan ne cunkoso ya fi yawa. Ni dai shawarata, ka ƙara kwana 2 ko 3 a lissafinka waɗanda ba ka tsara musu komai ba. Ƙafa za ta nemi hutu ranar da ba ka zata ba.

Ni ina tafiya sosai a gida. Sai na yi wani shiri kuma?

Sai ka yi. Tafiyar kilomita 25 rana ɗaya kowane mai lafiya zai iya. Abin da ke karya mutum shi ne ya tashi washegari jiki ya yi tsami ya sake yin wata, jibi ma haka, ga kaya a baya. Don haka wata 2 ko 3 kafin tafiya ka riƙa fita da jakar da za ka goya, cike da kayanta, sanye da takalmin da za ka je da shi, kuma ka yi kwana biyu ko uku a jere.

Ranar farko ma ba ta da sassauci. Daga Saint-Jean zuwa Roncesvalles kusan kilomita 25 ne, hawan ya haura mita 1,200, sannan gangara mai cin gwiwa. Mutum ya zo da ɗoki, ya ga wasu na wuce shi, sai ya ƙara mai. A nan ake samo ciwon da ake fama da shi har Burgos. Sauri kan haifi nawa. A kwanakin farko ka tsaya tun kana jin da sauran ƙarfi a jikinka. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Maris ana rufe hanyar kan tsauni saboda ƙanƙara, sai a bi ta kwarin Valcarlos.

Me zan ɗauka?

Ƙa'idar da matafiya ke bi ita ce kada jaka ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinka. Mai kilo 70 ya tsaya a kilo 7. Kaya kala biyu sun isa, ɗaya a jiki, ɗaya ka wanke da yamma ka shanya. Sai rigar ruwa, domin Galisiya ƙasar ruwan sama ce, da 'yar rigar sanyi, hula mai faɗi, silifas na wanka, tocila, gorar ruwa da jakar barci marar nauyi. Duk abin da ka ɗauka kana cewa "ko da za a buƙata", ajiye shi. Akwai shaguna da kantin magani a garuruwan hanya.

Ƙafa fa? Ita nake tsoro.

Ita ce kuwa jarinka duka. Kada ka kuskura ka fara da sabon takalmi. Ka saye shi da ɗan yalwa, domin ƙafa na kumbura da rana, kuma ka tattaka shi makonni kafin tafiya. Safar auduga tana riƙe gumi, gumi da guga su ke kawo bororo, saboda haka a nemi ta ulu ko ta 'yan wasanni. Wasu na shafa basilin tsakanin yatsu kowace safiya. Duk bayan awa biyu ka zauna, ka tuɓe takalmi da safa, ƙafa ta sha iska.

Abu mafi muhimmanci: da ka ji wani wuri ya fara zafi, tsaya nan take ka manna filasta. Kada ka ce bari in kai ƙauyen gaba. Minti 5 da ka ƙi bayarwa za su iya cin kwana 3. Bororon da ya yi ja, yana ruwa ko yana zogi, na ma'aikacin lafiya ne. Mai ciwon suga kuwa ya ga likitansa tun kafin ya yanki tikiti. Lambar gaggawa a can 112 ce.

A ina ake kwana?

A masaukan maziyarta da ake kira albergue. Ɗaki ne babba mai gadaje masu hawa biyu, ka kwana da mutanen da ba ka taɓa gani ba, da minsharinsu da komai. Na ƙananan hukumomi da na coci sun fi araha, wasu ma abin da ka ga dama za ka jefa a akwati, kuma ya kamata ka jefa da gaske, da shi ake ciyar da na bayanka. Yawanci ƙarfe 10 na dare an rufe ƙofa, ƙarfe 8 na safe kowa ya fita. Ka duba ɗinkin katifa saboda kuɗin cizo, kada kuma ka ɗora jaka a kan gado.

Yawanci ba a ba ka gado sai da credencial, ɗan littafin da ake buga wa hatimi a masauki, coci ko gidan shayi. Ka adana shi kamar fasfo.

Ba zan ɓata ba?

Da wuya. Kibiyoyi ne masu ruwan ɗorawa a jikin bango, dutse da turakun wuta, da kuma hoton ɓawon wata halittar teku mai kama da mafici. Wani limamin coci na ƙauyen O Cebreiro, Elías Valiña, shi ya fara shafa kibiyoyin da fenti a shekarun 1980, lokacin da hanyar ta kusa mutuwa. Idan ka yi minti 15 ba ka ga kibiya ba, koma inda ka ga ta ƙarshe.

An ce akwai wurin da mutane ke tsallakewa a mota. Gaskiya ne?

Meseta ke nan, filin alkama tsakanin Burgos da León, shimfiɗe ba inuwa. Daga Carrión de los Condes zuwa Calzadilla de la Cueza kilomita 17 ne ba gari. Ban ga dalilin tsallake shi ba. A lokacin jiki ya saba, ciwon farko ya lafa, sai zuciya ta samu sararin fito da abin da ta daɗe tana dannewa: bashi, mamaci, ɗan'uwan da aka yi shekaru ba a gaisa ba. Mutane na kuka a wannan fili ba su san daga ina ya zo ba. Wanda ya taso a Sahel ya san maganin irin wannan rana: sammako, ruwa isasshe, a sauka kafin azahar. Gaba kaɗan, bayan Astorga, akwai Cruz de Ferro, wato gicciyen ƙarfe, inda al'ada ce mutum ya ajiye ɗan dutsen da ya ɗauko daga gida.

Mu ma tafiyar ibada a ƙafa ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu sun bi ta Chadi da Darfur har Suwakin a bakin Bahar Maliya, wasu shekaru suka yi a hanya suna noma suna ƙara guzuri, kuma zuriyarsu na nan a Sudan, garin Mai Wurno shaida ne.

Musulmi zai iya bin hanyar?

Ziyara ce ta Kiristoci, babu ɓoye-ɓoye a kai, amma ba a tambayar addinin kowa a masauki, kuma da yawa tarihi ko motsa jiki ne ya kawo su. Wanda ya je ya kula da abinci. Naman alade na shiga miya da wake ba tare da an faɗa ba, kuma abincin maziyarta na zuwa da giya sai ka ce ruwa kake so. Kifi, wainar ƙwai da dankali, burodi, cuku da 'ya'yan itace sun wadatar. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Galisiya sai bayan ƙarfe 10 na dare, don haka a tsara sallah da lokacin rufe masauki.

Idan na isa, sai me?

Ka je ofishin maziyarta da littafinka. Takardar da ake kira Compostela ta wanda ya tako aƙalla kilomita 100 ne, ko 200 a keke, kuma a wannan zangon ana son hatimi biyu kowace rana. Ba a shiga majami'ar da jakar goyo, sai ka bar ta a masauki kafin addu'ar maziyarta ta ƙarfe 12 na rana. Wanda ƙafarsa ba ta gaji ba yakan ƙara kusan kilomita 90 zuwa Finisterre a bakin Tekun Atlantika, tafiyar kwana 3 ko 4.