Dalilan Zuci da ke Kai Mutum ga Kasuwancin Taimakon Al'umma

Kasuwancin taimakon al'umma sana'a ce da ake kafawa domin magance wata matsala ta jama'a, amma tana ɗaukar nauyin kanta da abin da take samu, ba ta zaman jiran tallafi. A karkarar Kano da Jigawa, misalinsa shi ne wanda ya haƙa burtsatse yana karɓar kuɗin da zai isa gyaran famfo da ɗan abin cefane, ko mai ba manoma taki da iri bashi su biya da kaka. Bill Drayton, wanda ya kafa ƙungiyar Ashoka a Amurka a 1980, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan tunani a duniya. Tambayar da masana halayyar ɗan Adam ke yi ita ce: me ke sa mutum ya bi wannan hanya alhali ga wadda ta fi riba?

Tausayi da ɗanɗana matsala

Amsar farko tausayi ce. A 1976 Muhammad Yunus, malamin tattalin arziki a Bangaladash, ya tarar da mutum 42 a ƙauyen Jobra waɗanda masu ba da bashi da ruwa suka ɗaure, alhali jarin da suke buƙata gaba ɗaya dala 27 ne. Ya ba su daga aljihunsa. Daga nan Bankin Grameen ya samo asali a 1983, har shi Yunus da bankin suka sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006.

A 2006 masu bincike Johanna Mair da Ernesto Noboa sun kawo abubuwa 4 da ke haifar da niyyar kafa irin wannan kasuwanci: tausayi, ɗaukar taimako a matsayin wajibi, yarda da iyawar kai, da goyon bayan jama'a. Wani mai bincike mai suna Kai Hockerts ya ƙara a 2017 cewa wanda ya taɓa cuɗanya da matsalar ya fi saurin ɗaura niyya. Wannan ba zai ba mutumin karkara mamaki ba. Wanda ya tashi a Kura ko Garun Malam yana ganin kwandunan tumatir na ruɓewa idan kasuwa ta faɗi, shi ya fi tunanin inganta shanyar kauɗa. Wanda ambaliyar Kogin Haɗejia ta taɓa cinye wa gona a Auyo ba sai an yi masa bayani ba.

Yarda da kai

Sai dai masu tausayi suna da yawa, masu kafa wani abu kaɗan ne. Abin da ke raba su, galibi, shi ne abin da masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya bayyana a 1977: imanin mutum cewa zai iya aikin. A wurinsa, babban tushen wannan imani shi ne nasarar da mutum ya taɓa samu da hannunsa, sai ganin wani irinsa ya yi ya dace. Shi ya sa uwar adashe da ta shekara goma ba a taɓa kama ta da cin amana ba, ta fi mai digiri ƙarfin gwiwar tara mata su sayi injin matsar gyaɗa.

Wani masanin kuma, Julian Rotter, ya bambanta a 1966 tsakanin mai ganin sakamako na hannunsa da mai jingina komai ga abin da ya fi ƙarfinsa. Akan yi kuskuren ɗora wannan ma'auni kai tsaye a kan imani da ƙaddara. Manomin da ke cewa "sai abin da Allah ya yi" shi ne kuma ya riga kowa sammakon noma, domin an koya masa ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Lada, mutunci da kunya

A ƙasar Hausa kalmar da ta fi fitowa a baki ita ce lada. Hadisin sadaka mai gudana, wadda ladarta ba ta yankewa bayan mutuwa, ya sa rijiya da makaranta suka fi daraja a idon mai hali. Al'adar gayya ma ta riga ta koya wa matashi yin aiki a gonar wani ba don kuɗi ba. Akwai kuma son a ce wane mutumin kirki ne, ko da yake ba a cika furta shi ba saboda tsoron riya.

Waɗannan dalilai su ne kuma kan zama tarko. Mai neman lada yana jin nauyin karɓar kuɗi a hannun talaka, kuma kunya kan hana shi bin bashin kawunsa ko surukinsa. Da yawa jari kan narke ta wannan ƙofa. Masu ɗorewa sukan sa wani tsakani, kamar ma'ajin ƙungiya ko mai unguwa, domin karɓar kuɗin ya zama ƙa'idar kowa, a rubuce, ba buƙatar mutum ɗaya ba.