Teburin katako mai kogin efoksi: abin da ya kamata ka sani kafin ka zuba

Duk mai leƙa Instagram ko TikTok ya ci karo da irin teburan nan: falanki biyu masu karkataccen baki, yadda bishiyar ta tashi, a tsakaninsu wani abu shuɗi mai sheƙi kamar kogi ya daskare. A bidiyo minti ɗaya an gama. A zahiri aikin makonni ne, kuma galibin teburan da suka lalace, tun kafin a buɗe galan ɗin efoksi suka lalace.

Wai mene ne efoksi, kuma daga ina salon ya fito?

In ka taɓa liƙa abu da gam ɗin Araldite mai bututu biyu, ka riga ka san efoksi. Ruwa ne kashi biyu, ana rubuta A a jikin ɗaya, B a jikin ɗayan. Kowanne shi kaɗai ruwa ne kawai, amma da an haɗa su sai su fara ɗaukar zafi har su zama kamar dutse. Wato ba bushewa yake yi kamar fenti ba, sinadaran ne ke kama juna. Ka riƙe wannan zafin a ranka, za mu dawo kansa.

Barin bakin katako yadda yake kuwa, George Nakashima ne ya yi suna da shi, kafinta Ba'amurke ɗan asalin Japan da ya yi aiki a garin New Hope ya rasu a 1990. Daga baya Greg Klassen na jihar Washington ya shahara da teburan kogi, sai dai shi gilashi shuɗi yake yankawa ya sa a tsakiya. Efoksi ya yaɗu ne don ya fi sauƙi ga mai aiki a gida.

Wane katako ya dace?

A Amurka da Turai sun fi son katakon walnut (gyaɗar bishiya) da na zaitun. Mu ba sai mun nemo na waje ba. Maɗaci yana da jan launi mai kyau, loko yana da ƙarko, kawo da ƙirya suna da tauri har su gajiyar da zarto. Mangwaro da darbejiya sun fi sauƙin samu, kuma ga ɗan koyo su nake ba da shawara, don in aikin ya ɓaci zuciya ba za ta yi ciwo sosai ba. Maɗobiya tana da zane mai ɗaukar ido, amma an sare ta har ta yi ƙaranci, kuma tun 2017 tana cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido wajen fitarwa ƙasashen waje. Ni dai ban ga dalilin sare ta don teburin shan shayi ba.

Kauri ya kai santimita 4 zuwa 5. Ana tsaga falanki ɗaya a tsaye gida biyu, a juya karkatattun bakunan su fuskanci juna. Wurin da ya rage a tsakiya shi ne kogin.

Mai katako ya ce mini ya bushe. In yarda?

Kada ka yarda sai ka auna. Nan ne aikin yake ci ko ya faɗi. Katako yana shan laima yana fitarwa, yana kumbura yana motsewa, efoksi kuwa ba ya bin sa. In ka zuba a kan ɗanyen katako, bayan 'yan watanni zai ja jikinsa: ko teburin ya lanƙwashe kamar kwale-kwale, ko ya tsage a daidai inda katako ya haɗu da kogin. Laimar ma kan sa efoksi ya yi fari-fari kamar an zuba madara.

Akwai ƙaramar na'urar auna laima mai tsinke biyu da ake cakawa a katako. Ana so ta nuna ƙasa da kashi 12 cikin 100, in ya sauka kusa da 8 zuwa 10 ya fi. Tsohuwar ƙa'idar kafintoci ita ce shekara ɗaya ga kowane inci ɗaya na kauri in iska ce za ta busar. Iskar hunturu tana rage wannan lokaci, amma tana da nata sharrin: waje ya bushe da sauri ya tsattsage, ciki yana nan ɗanye. Don haka a jera falankan a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakaninsu iska ta ratsa, a shafe bakunan biyu da fenti ko kakin zuma. Ka kuma duba ƙananan huji masu zubar da gari kamar tsaki. Alamar ƙwaro ne a ciki, kuma efoksi ba zai hana shi ci gaba da ɓarna ba.

Ɓawon fa? Ai shi ne kyan abin.

A cire shi. Efoksi zai kama ɓawo, ɓawo kuma wata rana zai saki katako. A kankare, a bi da burushin waya, a share ƙura.

Wane efoksi zan saya, kuma lita nawa?

Iri biyu ne, kuma rikita su asara ce babba. Akwai na shafe sama, wanda galibi ake haɗawa ɗaya da ɗaya, ba a zuba shi ya wuce 'yan milimita. Akwai na zuba mai zurfi, galibi biyu da ɗaya, mai tsinkakken ruwa, mai jinkirin kamawa, wanda wasu irinsa ke ɗaukar zurfin santimita 5 a zubi ɗaya. Na biyun kake buƙata a kogi. Kada kuma a sayar maka da ruwan da masu gyaran bambar mota ke haɗawa da zaren gilashi; wani abu ne daban, yana da wari mai hawa kai, yana kuma motsewa in ya kama.

Lissafi: tsawo sau faɗi sau zurfi a santimita, a raba da 1,000. Kogi mai tsawon 120, matsakaicin faɗi 15, zurfi 4, ya ba da lita 7.2. Wani zai shige ƙarƙashin katako, wani ya maƙale a bokiti, saboda haka ka tanadi lita 9: A lita 6, B lita 3. Ka karanta jikin galan ko da mudu ake aunawa ko da sikeli, don nauyin A da B ba ɗaya ba ne. Ƙara B ba ya sa shi saurin kamawa, sai dai ya bar maka abu mai danƙo har abada.

Me zai tare ruwan kada ya malale?

Akwati za ka haɗa da allo mai santsi, ka lulluɓe cikinsa da faffaɗan salatif, ka toshe kowace kusurwa da silikon irin na masu aikin gilashi. Efoksi mai zurfi yana samun hujin da allura ba za ta shiga ba, ya kwana yana ɗiga. Akwatin ya zauna daram, ka gwada da ma'aunin magina. Ka danne falankan da matsi, in ba haka ba za su taso su yi iyo.

Yaushe ya fi dacewa a zuba?

Ga inda bidiyon Turawa ke yaudarar mu. Masu yin efoksi sun fi son ɗaki mai digiri 21 zuwa 24. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, watan Afrilu kan haura 40. Efoksi da ma yana haifar da nasa zafin, in aka haɗa da na gari sai ya kama cikin gaggawa, ya yi rawaya, ya tsage, wani lokaci har hayaƙi. Damina kuma laimarta kan bar wani maiƙo a samansa. Lokacin sanyi ya fi, Disamba da Janairu, amma sai a rufe ɗaki saboda ƙura, a yi wa akwatin rumfar leda. In dole sai da zafi, ka zuba da daddare, kashi biyu ko uku maimakon ɗaya, ka sa fanka tana hura ƙasan akwatin. Ana ƙara zubi na gaba ne lokacin da na farko yake da danƙo. In ya riga ya taurare, sai an goge shi da samfefa.

Ka gauraya a hankali na 'yan mintuna kana kankare gefe da gindin bokiti, ka juye a wani bokitin ka sake gaurayawa, sannan ka sa garin launi kaɗan. Kada ka bar haɗin a bokiti, nan ya fi saurin ɗaukar zafi.

Kumfa fa?

Yawancinta daga cikin katako take fitowa. Kwana ɗaya kafin zubi ka shafa efoksi siriri a bakunan ya toshe ƙofofin iska. Wadda ta taso sama, a bi ta da na'urar hura zafi, hannu yana tafiya, ba a tsayawa wuri ɗaya.

Na cire shi daga akwati, ya fito ba kyau. Ya lalace ke nan?

A'a, haka kowa nasa ke fitowa. Ka ba shi kwana 3 kafin cirewa, mako guda kafin aiki mai nauyi. Sai a daidaita fuskokin biyu, ko da rauta, wato injin sassaƙa na hannu, a kan layin dogo na katako, ko ka kai wa masu babban injin fere katako. Daga nan samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi: lamba 80, 120, 180, 240, har 320, ba tsallake. Kogin zai yi dishi-dishi, man katako ko siririn zubi na ƙarshe ne zai dawo da sheƙinsa. Ka shafa sama da ƙasa daidai, don fuskar da aka bari tsirara ita ke shan laima ta lanƙwasa tebur. Mai walda zai yi maka ƙafafu, amma ka ce hujin noti ya zama mai ɗan tsawo, katako ya samu wurin motsi.

Yana cutar da lafiya?

Ɗanyensa yana yi. Yawan taɓa fata kan jawo ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma jikin da ya fara ƙin sa da wuya ya sake yarda. Safar hannu ta roba, tabarau, iska mai shiga da fita, takunkumi mai matata lokacin gugar samfefa. In ya taɓa ka, sabulu da ruwa, ba fetur ko tina ba. Yara su yi nisa.

Zan iya ajiye shi a tsakar gida, ko in ɗora tukunya a kai?

Duka biyun a'a. Rana tana mayar da efoksi rawaya, ko da wanda aka ce yana jure mata, jinkiri kawai yake yi. Butar shayi da aka sauke daga gawayi kuwa za ta bar masa zobe. Ka sa faifai a ƙarƙashinta.