Tsinkakken koko ba abincin yaro ba ne

Ranar Talatar nan da ta wuce, yara uku a jere na ɗaura wa tef ɗin awo a damtse, duka ukun ya tsaya a kan ja, alamar tamowa mai tsanani. Ta ƙarshensu yarinya ce 'yar wata 14, kakarta ce ta goyo ta, uwar na biye da filas a hannu. Da aka sauke ta sai na ga gashin kanta ya yi ja ya yi laushi kamar gemun masara, fatar cinyarta ta yamutse kamar ta tsohuwa. Ko kuka ba ta yi ba da na taɓa ta, kuma shirun nan ya fi kuka tayar mini da hankali.

Na ce wa uwar, "Baiwar Allah, me yarinyar nan take ci?"

Ta ce, "Wallahi Malama tana sha sosai. Koko ne, safe da rana da dare, ba na fashi."

Na ce ta zuba in gani. Ta buɗe filas ta tsiyaya a murfi. Na sa cokali na ɗebo na karkata, ya zube tas, ko alama bai bari a jikin cokalin ba. Ruwa ne aka yi wa launin gero.

Na daɗe a wannan aikin na lafiya, na zauna a ɗakin awo, na bi ƙauyuka da rugage a bayan babur, kuma amsar nan ba ta canzawa. Koko. Koko da sukari. In an yi ƙoƙari, koko da ɗan biskit. Iyayena mata, ina roƙonku da girman Allah ku saurare ni: tsinkakken koko ba ya raya yaro. Yana cika masa ciki ya yi shiru ya yi barci, ke kuma ki ce ya ƙoshi, alhali da yunwa ya kwana.

Ku duba yadda muke yinsa. An jiƙa gero, an niƙa, an tace, an ba awaki dusa. An ɗebi gasara ɗan kaɗan an sheƙa mata tafasasshen ruwa, sannan saboda na yaro ne sai a ƙara tsinka shi. Me ya rage? Cikin ɗan shekara ɗaya bai wuce kofin shayi guda ba. In kika cika wannan ɗan wurin da ruwa, ina abinci zai shiga?

Na san dalilinku. Kuna cewa mai kauri zai shaƙe shi, ko ba ya bi ta bakin fida. To fidar ma ba ma son ta, gudawa take kawowa, a yi amfani da kofi da cokali. Wasu kuma don a ji daɗin ɗura ne suke tsinkawa. A kwantar da yaro a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a toshe masa hanci, yana wutsil-wutsil ana kwarara masa. Na sha ganin yaran da aka kawo da tari da sarƙewar numfashi bayan ɗura, domin kokon ya bi ta hanyar iska ya shiga huhu. Ku daina. Yaron da ya cika wata shida yana iya haɗiye abu mai kauri, in dai an zauna da shi an bi shi a hankali, cokali bayan cokali, ana yi masa wasa.

Akwai gidajen da babu ce ta yi musu katutu, kuma ba da su nake ba. Wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Zamfara ko Katsina ko Sakkwato, yana zaune a kangon wani a bakin gari, ba ni da bakin yi masa faɗa. Haka wanda rumbunsa ke ƙarewa tun kafin ruwa ya sauka, ya shiga Yuli da Agusta yana awo da gwangwani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma wallahi da yawa daga cikin yaran da nake aunawa ba daga irin waɗannan gidaje suke fitowa ba.

Kakar yarinyar nan na tambaya, "Inna, me kuka noma bana?" Ta lissafa mini gero, wake, gyaɗa. Kaji fa? Akwai, har da zabi. Uwar kuma sana'arta ƙuli-ƙuli, duk mako sai ta matse mai ta kai kasuwa. Wato tunkuza na wucewa ta hannunta kwano-kwano, 'yarta na goye a bayanta tana ramewa, ba ta taɓa ɗiban cokali ɗaya ta jefa a kokon ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ban ga laifinta ita kaɗai ba, haka ta taso ta ga ana yi, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

A rugage ma haka nake tararwa, kuma can ya fi yi mini ciwo. Mutanen da nono ne gadonsu tun kaka da kakanni, yau za ka ga an tatse da safe, an kaɗe man shanu, an ɗora ƙwarya a kai an nufi gari. Da yamma a dawo da taliya da magi da lemon leda. Yaron da aka bari a bukka kuma koko. Na san da kuɗin nonon ake sayen hatsi da gishiri da sabulu, ban ce kada a sayar ba. Ludayi biyu kawai nake roƙo a rage wa na goye da wanda aka yaye, kafin ƙwarya ta bar gida.

Kun san abincin nan na leda da muke bayarwa ga masu tamowa, wanda ake layi a kansa tun asuba? Ku karanta abin da ke ciki: gyaɗa ce aka niƙa da garin madara da mai da sukari, aka ƙara sinadaran bitamin. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, kuma a nan kusa da mu ya yi suna, lokacin yunwar 2005 a Nijar, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000, akasarinsu a yankin Maraɗi. Leda ɗaya giram 92 ce. Gyaɗar da muke aunarwa a kasuwa da kaka, irinta ce ake dawo mana da ita a matsayin magani bayan yaro ya kusa mutuwa. Me ya hana mu ba shi tun yana da lafiyarsa? Kuma tunda na ambace shi, wanda duk aka ba wannan leda, ta yaron da aka rubuta wa ce shi kaɗai. Ba ta yayyensa ba ce, ba ta shafa wa burodin maigida ba ce, ba ta sayarwa ba ce.

Maigida, kai ma zo nan. Kusan kullum mata nake gani a layin awo, amma mabuɗin rumbu yana hannunka. Kai ne kake kwashe wake da gyaɗa ka kai kasuwa tun ba su gama bushewa ba, ka bar wa gida gero kaɗai. Kai ne kake zama wurin mai shayi a soya maka ƙwai biyu, da daddare ka tsaya wurin mai tsire, ka shigo gida kana sakace, ɗanka ɗan wata goma ya sha ruwan gasara ya kwanta. In an yanka kaza, cinya da ƙirji da hanta a kwanonka suke, yara su sami ƙafa da romo. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka ware tiya biyu ta wake da ta gyaɗa ka ce wannan ta yara ce, ba mai taɓawa. Ƙwai ɗaya a rana daga kajin gidanka ba zai talauta ka ba, amma kwana goma a gadon asibiti, da kuɗin mota da barin gona a tsakiyar damina, zai iya.

Iyayenmu kakanni, ku ne kuka raine mu, kuma maganarku ake ji a gida fiye da tawa. Shi ya sa nake so ku zama nawa. Ƙwai ba ya sa yaro sata. Nama ba ya sa shi kwaɗayi. Yaron da ke ta gudawa yana ramewa wata da watanni, kada a ce haƙori ne a zauna, haƙori ba ya kumbura ƙafa. Sai maganar shan ciki. Da zarar uwa ta ga alamar juna biyu sai a cire yaro daga nono rana ɗaya, a kai shi gidan kaka a ce kada ya sha ciki. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Abin da ke kayar da yaron shi ne an raba shi da nono da uwarsa dare ɗaya, an miƙa masa kofin tsinkakken koko. Alƙur'ani mai girma ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa, ma'aikatan lafiya ma shekara biyu muke cewa. In ya zama dole a yaye, a yi shi sannu a hankali, bayan yaro ya saba da abinci na gaske.

Wani zai ce ai mu ma da koko aka raine mu, ga mu nan. To ku tuna da ƙannenku nawa ne ba su kai yaye ba. Sannan akwai ɓarnar da ba a gani da wuri, wato tsumburewa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa 57 cikin 100. Fiye da rabi, a yankin da ke noma wa ƙasa gero da dawa da wake. Daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kwana 1,000 ke nan, a nan ake gina jiki da ƙwaƙwalwa. Abin da aka rasa a wannan tsakanin da wuya a maido shi duka, ko da daga baya an koma cin nama kullum.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin yana tsakar gidanmu da bakin gonarmu. Zogale yana jikin danga. Kuka tana nan, daddawa tana nan, ga rama da yakuwa da tafasa da alayyafo, ga kabewa, ga gwanda da mangwaro a lokacinsu, ga fara in an samu, ga busasshen kifi ko ɗan ƙanana ne. Da waɗannan kakanninmu suka tsallake shekarun fari. Yanzu mun mai da su abincin manya ko na talauci, yaro kuma a saya masa biskit da alawa a ce an yi masa gata.

Ga abin da nake so a yi, a taƙaice:

Kafin wata shida nono kaɗai, ba koko, ba ruwa, ba jiƙo.

Daga wata shida a fara abinci, nono kuma na ci gaba. Kokon ya yi kaurin da zai zauna a cokali ko an karkata shi.

Kada a taɓa ba shi zalla. A jefa tunkuza ko dakakken ƙuli-ƙuli, ko garin wake ko na waken suya da aka soya, ko dafaffen ƙwai a murje, ko tafasasshiyar madara ko kindirmo mai tsabta, da ɗan cokalin man gyaɗa ko man ja ko man shanu. Garin busasshen zogale ma a barbaɗa.

Mai hali ya haɗa garin da ake kira Tom Brown: awo 6 na gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. A soya kowanne daban, a cire ɓawo, a niƙa tare, a adana a mazubi mai murfi. A dafa shi ya dahu sosai. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, tana da guba.

Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 zuwa 3 a rana. Daga wata 9 zuwa shekara biyu sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Tuwo da miya, fate, alala, dafaffen wake, awara, duk a murje masa.

A ba shi kwanonsa daban. In an haɗa shi da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun sharce.

A wanke hannu da sabulu. Kokon da ya wuni a filas ya yi sanyi kada a ba shi.

In yana gudawa kada a daina nono ko abinci, a zo a karɓi ORS, wato ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc. Ɗigon bitamin A duk wata shida, daga wata shida har shekara biyar.

Kada ku jira sai yaro ya kwanta. Tef ɗin awo ba ya ƙarya: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani ke nan, tsakanin 11.5 da 12.5 rawaya ne, an kama hanya. A gida ma kina iya dubawa. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa ki ƙirga uku, in kin ɗaga wurin ya loɓa bai taso ba, wannan kumburin ba ƙiba ba ce, ki kawo shi a ranar. In ya ƙi nono ya ƙi abinci, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko jikinsa ya saki, ko dare ne a fito da shi.

Yarinyar nan Allah ya taimaka ba ta kumbura ba, kuma da muka gwada ta da abincin leda ta karɓa, ta lashe har tana miƙo hannu, don haka ba sai an kwantar da ita ba. Na ba su na mako guda. Na zaunar da kakar na nuna mata kaurin da nake nufi da cokali, ta ce, "To 'yar nan, ai ba mu sani ba ne." Na aika wa uban cewa ina son ganinsa da kansa. Talata mai zuwa za su dawo awo, kuma na ce wa uwar ta taho da filas ɗin, zan sake sa cokali a ciki.