Waiwaye: Tupac Shakur, daga gidan 'yan gwagwarmaya zuwa danjar Las Vegas

Ranar 29 ga Satumba 2023 'yan sandan Las Vegas suka kama wani dattijo mai shekara 60, Duane Davis, wanda ake wa laƙabi da Keefe D, aka tuhume shi da hannu a kisan mawaƙin gambara Tupac Shakur. Shekara 27 ke nan bayan kisan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutumin bai taɓa ɓuya ba. Ya sha yin hira a gaban kyamara, ya kuma fitar da littafi a 2019 inda ya faɗa da bakinsa cewa yana cikin motar da aka yi harbin daga cikinta. A gaban alƙali dai ya ce bai aikata ba. Da yawa daga cikin masu sauraron Tupac a yau ba a haife su ba lokacin da ya mutu. Sun san hotonsa da ƙyalle ɗaure a ka, sun san zanen da ke jikinsa, amma ba su san gidan da ya fito ba, kuma wanda bai san gidan ba ba zai gane waƙar ba.

Mahaifiyarsa, Afeni Shakur, 'yar ƙungiyar Black Panther ce, wadda Huey Newton da Bobby Seale suka kafa a Oakland a 1966 don kare baƙar fata daga cin zalin 'yan sanda. Ƙungiyar tana riƙe bindiga a fili, tana kuma ba yaran talakawa karin kumallo kyauta kafin su tafi makaranta. Hukumar FBI ta ɗauke ta a matsayin babbar barazana, ta cusa mata 'yan leƙen asiri, ta yi ta haɗa shugabanninta faɗa. A watan Afrilun 1969 aka tuhumi 'yan ƙungiyar su 21 a New York da shirin tayar da bama-bamai a ofisoshin 'yan sanda da manyan kantuna. Afeni na cikinsu. Ba ta yi karatun lauya ba, amma ta ƙi ɗaukar lauya, ta tsaya ta kare kanta, tana yi wa ɗan sandan da aka cusa musu tambayoyi da ciki a jikinta. Wani ɓangare na goyon cikin a gidan yari ta yi shi. A watan Mayun 1971 kotu ta wanke su daga duk tuhumar, ranar 16 ga Yuni kuma ta haifi ɗanta a unguwar Harlem.

Sunan da ta raɗa masa daga baya ma saƙo ne. Tupac Amaru sunan wani jagoran 'yan asalin ƙasar Peru ne da ya yi wa Turawan Sifaniya tawaye, suka kashe shi a 1781. Shakur kuwa kunnen Bahaushe ya san shi, Larabci ne, mai yawan godiya. Sunan dangi ne a gidan, har mijin uwarsa Mutulu Shakur da shi ake kiransa, kuma jin sunan kaɗai ya sa wasu ke zaton mawaƙin Musulmi ne. Mutulun ya shafe shekaru yana ɓuya, aka kama shi a 1986 kan fashin wata motar ɗaukar kuɗi da aka yi a 1981, bai fito ba sai ƙarshen 2022, ya rasu bayan 'yan watanni. Assata Shakur, wadda Tupac ke ɗauka a matsayin gwaggo, ta tsere daga kurkuku a 1979 ta samu mafaka a Kyuba. Yaro ya tashi manyan gidansu wasu na ɗaure, wasu na gudun hijira, wasu na kabari.

Abin da ya biyo bayan rushewar ƙungiyar shi ne talauci. Uwa da 'ya'yanta suka yi ta sauya gida, wani lokaci har a matsugunin marasa galihu. Suka koma Baltimore, inda Tupac ya samu shiga makarantar koyon fasaha ta birnin, ya karanci wasan kwaikwayo da rubutacciyar waƙa da rawa, ya hau dandamali a wasannin Shakespeare. A nan ya ƙulla abota da Jada Pinkett. Ina ganin waɗannan su ne shekarun da ya fi samun natsuwa a duk rayuwarsa, kuma ba su daɗe ba. A 1988 aka tura shi Marin City a Kalifoniya, lokacin da wani nau'in hodar ibilis mai arha da ake zuƙa ya mamaye unguwannin baƙar fata. Afeni, matar da ta kayar da gwamnati a kotu, ta faɗa shan wannan hodar. A watan Agustan 1989 wani dillalin ƙwaya ya harbe Huey Newton kansa a titin Oakland, ba nisa sosai da inda Tupac ke zaune. A gaban idonsa ƙwaya da daba suka gaje gurbin gwagwarmaya.

Ya shiga harkar waƙa ta ƙaramar ƙofa, yana ɗaukar kaya yana rawa a bayan ƙungiyar Digital Underground. A watan Nuwamban 1991 ya fitar da kundinsa na farko, 2Pacalypse Now. A cikinsa akwai "Brenda's Got a Baby", labarin yarinya 'yar shekara 12 da ɗan uwanta ya yi wa ciki, ta haihu ita kaɗai, ta rasa mai tsaya mata. Saurayi ɗan shekara 20 ne ya zauna ya tsara wannan, a lokacin da tsaransa ke waƙar mota da sarƙar zinare. Sauran waƙoƙin kundin sun fi karkata kan 'yan sanda, kuma ba da ka yake magana ba, don a watan Oktoban wannan shekarar 'yan sandan Oakland suka lakaɗa masa duka kan tsallaka titi ba bisa ƙa'ida ba. Da wani matashi ya kashe ɗan sanda a Texas a 1992, lauyansa ya ce kaset ɗin Tupac yake saurare, sai mataimakin shugaban ƙasa Dan Quayle ya fito ya nemi a janye kundin daga kasuwa. A shekarar ce kuma ya fito a fim ɗin Juice, inda ya taka rawar saurayin da bindiga ta juya wa tunani. A 1993 ya yi Poetic Justice tare da Janet Jackson, ya kuma saki "Keep Ya Head Up", waƙar ƙarfafa wa mata gwiwa, musamman masu renon 'ya'ya ba miji. Ya sadaukar da ita ga Latasha Harlins, 'yar shekara 15 da wata mai kanti ta harbe a Los Angeles kan kwalbar lemo, kotu kuma ba ta ɗaure mai kantin ba.

A nan ne masoyansa ke son a yi tsalle, ni kuwa ba zan yi ba. A 1992, a wani biki a Marin City, rikici ya tashi tsakanin tawagarsa da wasu, harsashi ya kauce ya kashe yaro ɗan shekara shida. Ba a gurfanar da kowa da laifin kisa ba, aka sasanta da iyayen da kuɗi. A 1993 ya harbi wasu 'yan sanda biyu da ba sa bakin aiki a Atlanta, aka janye ƙarar. Mafi muni, a watan Nuwamban 1993 wata budurwa ta kai ƙara cewa shi da abokansa sun ci zarafinta a ɗakin otal a New York. Kotu ta wanke shi daga manyan tuhume-tuhumen, amma ta same shi da laifin cin zarafi ta hanyar lalata. Har ya mutu yana musantawa. Duk da haka wanda ya rera waƙar mutunta mata shi ne kotu ta samu da laifi a kan mace, kuma duk mai ƙaunarsa da gaske dole ya haɗiye wannan tare da waccan.

Daren 30 ga Nuwamba 1994, ana gobe za a yanke hukuncin, wasu suka tare shi a ƙofar situdiyon Quad da ke Manhattan, suka ƙwace masa kayan ado, suka harbe shi sau biyar. Bai mutu ba. Abokinsa Christopher Wallace, wato mawaƙi Notorious B.I.G. ko Biggie, da mai kamfanin waƙa na Bad Boy, Sean Combs, suna saman benen a daren. Tupac ya ƙudurta a ransa cewa sun san da shirin, su kuma suka ce ba su sani ba. Daga wannan zargi gabar nan ta mawaƙan gabashi da na yammacin Amurka ta samo wutarta.

A watan Fabrairun 1995 aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da rabi zuwa huɗu da rabi. Yana cikin kurkukun Clinton kundinsa Me Against the World ya fito a watan Maris, ya hau matsayi na ɗaya a kasuwar waƙar Amurka. A cikinsa ne "Dear Mama" take, inda ya ambaci shaye-shayen uwarsa a fili, bai rufa ba, bai kuma rage mata daraja ba. Ko wanda bai iya Turanci sosai ba yana jin abin da ke cikin muryar. A 2010 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saka ta cikin faifan da ƙasar ke adanawa a matsayin gado.

Sai dai suna ba ya buɗe ƙofar kurkuku. Ana neman dala miliyan 1.4 kuɗin beli kafin ya fito ya jira ɗaukaka ƙara, shi kuwa kuɗin lauyoyi sun tsotse shi. Wanda ya kawo ɗauki shi ne Suge Knight, mai kamfanin Death Row, mutumin da ke kewaye da 'yan dabar Bloods na unguwar Compton. Sharaɗin shi ne kundi uku. A ganina ranar da ya sa hannu a wannan takarda, ranar ya kama hanyar Las Vegas. Ya fito a watan Oktoban 1995 ya shiga situdiyo kamar ana korarsa. A watan Fabrairun 1996 All Eyez on Me ya fito, faifai biyu a haɗe, da "California Love" da ya yi da Dr. Dre. Kasuwa ta buɗe fiye da kowane lokaci, amma muryar ta sauya. A watan Yuni ya saki "Hit 'Em Up", zagi da barazana tsagwaronsu ga Biggie da mutanensa. Ɗan Afeni, wanda aka rena da maganar haɗa kan baƙar fata, ya koma yana gaba da baƙar fata ɗan uwansa, mujallu na zugawa suna sayar da kwafi.

Ranar 7 ga Satumba 1996 ya je kallon damben Mike Tyson da Bruce Seldon a otal ɗin MGM Grand. Bayan an tashi, shi da tawagarsa suka rufe wani matashi, Orlando Anderson, ɗan dabar Crips masu gaba da Bloods, da duka, kan wata sarƙar Death Row da aka ce an ƙwace wa ɗayansu. Kyamarar otal ta ɗauki komai. Bayan kamar awa biyu, motar da Suge ke tuƙawa ta tsaya a danja, wata farar Cadillac ta tsaya a gefenta, aka buɗe wuta. Harsashi huɗu suka samu Tupac. Ya kwana shida a asibiti, ya cika ranar 13 ga Satumba yana da shekara 25. Bayan wata shida, ranar 9 ga Maris 1997, aka harbe Biggie a Los Angeles yana da shekara 24, kuma har yau ba a gurfanar da kowa a kan nasa kisan ba.

Kundin da ya fito bayan mutuwarsa da sunan Makaveli, da tarin waƙoƙin da ya bari ba a saki ba, su suka haifi jita-jitar cewa yana raye a Kyuba. Hotonsa ya zaga duniya, wani wurin ma inda bai dace ba: a yaƙin basasar Saliyo an ga 'yan tawaye sanye da riguna masu fuskarsa suna ƙona ƙauyuka. An sayar da faifansa sama da miliyan 75, amma lokacin da ya mutu ba shi da gida da sunansa, Death Row ma cewa ya yi yana bin sa bashin miliyoyin dala. Afeni ce ta sake komawa kotu, ta karɓo waƙoƙin ɗanta da ba a fitar ba, ta kafa kamfanin Amaru a 1997 don kula da su.

Orlando Anderson ya musanta kisan, ba a taɓa tuhumarsa ba, aka harbe shi a wani rikicin daban a 1998. Duane Davis kawunsa ne, kuma masu gabatar da ƙara sun ce shi ya samo bindigar ya miƙa ta kujerar baya. Cikin mutum huɗun da aka ce suna cikin farar motar, shi kaɗai ya rage da rai. Suge Knight na zaman ɗaurin shekara 28 tun 2018 kan wani kisan da ya yi da mota. Afeni ta rasu a watan Mayun 2016, shekara bakwai kafin a kama kowa a kan jinin ɗanta.