Tattalin Arzikin Halal a Najeriya da Matsayin Jihohin Bauchi da Gombe

Tattalin arzikin halal shi ne sana'o'i da kasuwancin da ake gudanarwa bisa ƙa'idar Shari'ar Musulunci, tare da wata amintacciyar hukuma da ke dubawa ta ba da shaidar cewa an bi ƙa'idar. Ya ƙunshi abinci da abin sha, magunguna, kayan shafe-shafe, sutura, yawon buɗe ido da hada-hadar kuɗi marar ruwa. Tun daga shekarar 2024 Gwamnatin Tarayyar Najeriya ta ware shi a matsayin fanni mai zaman kansa cikin tsare-tsarenta, da nufin ƙara yawan kayan da ƙasar ke fitarwa waɗanda ba man fetur ba. Jihohin Bauchi da Gombe, saboda arzikin dabbobi da na noma, suna cikin yankunan da tsarin ya fi shafa.

Yadda tsarin ya taso

A ranar 18 ga Satumba, 2024, an yi taron masu ruwa da tsaki kan harkar halal a fadar shugaban ƙasa da ke Abuja, ƙarƙashin jagorancin Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima. A wurin ne gwamnati ta bayyana burinta na ganin fannin ya ƙara dala biliyan 1.5 a kan arzikin da ƙasa ke samarwa kafin ƙarshen 2027, ta kuma ƙiyasta darajar kasuwar halal ta duniya a kan dala tiriliyan 7.7. A watan Fabrairun 2025, a wani taron halal da aka yi a Makka, Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar haɗin gwiwa da kamfanin bunƙasa kayan halal na Saudiyya mai suna HPDC, wanda asusun zuba jari na gwamnatin ƙasar ya mallaka. Manufofin da ake ta nanatawa su ne samar da takardar shaida da ƙasashen waje za su yarda da ita, jawo jari daga ƙasashen Larabawa da kudu maso gabashin Asiya, da ɗaga ƙananan masana'antu su kai matsayin fitar da kaya.

Wannan tiriliyan 7.7 yana buƙatar a karanta shi da natsuwa. Kaso mai yawa a cikinsa kadarorin bankunan Musulunci ne, wani kason kuma kuɗin da Musulmin duniya ke kashewa a kan ci da sha da sutura a cikin ƙasashensu. Abin da mai kiwo a Dukku ko mai riɗi a Misau zai iya nema a ciki shi ne ɓangaren da ke tsallaka iyaka, wato kayan da ƙasashe irin su Saudiyya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Masar da Malesiya ke sayowa daga waje. Ko shi ɗin ba ƙarami ba ne, amma akwai masu riƙe da shi tun tuni. Brazil, ƙasar da Musulmi ba su taka kara sun karya ba a cikinta, ita ce ke kan gaba a duniya wajen sayar da naman kaji da na shanu na halal.

Takardar shaida

A Bauchi ko Gombe, wanda ya je kwata sayen nama ba ya tambayar ko halal ne. Mahaucin Musulmi ne, mai yankan sananne ne, Sarkin Fawa na nan, shi ke nan magana ta ƙare. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar Hausa, yanka na inganta da niyya da ambaton sunan Allah da yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya guda biyu, kuma ɗaliban zaure suna koyon wannan tun daga littafin Risala. Sai dai wannan amana ta gida ba ta shiga jirgi. Mai saye a Jidda ko Kwala Lamfur bai san mai yankan ba, don haka takarda yake nema, kuma takardar ba a kan yanka kaɗai take tsayawa ba.

Mai duba masana'anta don ba da shaida zai bi diddigin abin da dabba ta ci, da yadda aka yi jigilarta, da ko likitan dabbobi ya duba ta kafin yanka da bayansa. Zai duba wuƙa da ƙasan mayanka da ruwan wanki da ɗakin sanyi da motar ɗaukar kaya, ya tabbatar babu inda naman ya haɗu da mushe ko alade ko najasa. A kayan gwangwani da magunguna aikin ya fi haka wuya, domin sinadarin da ke sa alewa ta yi danƙo ko wanda ake yin kwanson ƙwayar magani da shi ana iya samo shi daga ƙashi da fatar alade, kayan ƙamshin abinci kuma sau da yawa da barasa ake narka su. Hujjar haɗa tsarki da lafiya wuri guda tana cikin Alƙur'ani, a aya ta 168 ta Suratul Baƙara, inda aka umarci mutane su ci abin da yake halal kuma mai daɗi da tsabta.

Ƙa'idojin ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Hukumar Codex, mai tsara ma'aunin abinci na duniya, ta fitar da jagora kan amfani da tambarin halal a 1997. Malesiya na da hukumar JAKIM mai ba da shaidar halal, wadda tambarinta ke da daraja sosai a kasuwa. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, wadda Najeriya ta shiga a 1986, tana da cibiyar ma'auni mai suna SMIIC da ke Istanbul, da ta fara aiki a 2010. Indunusiya ta yi doka a 2014 da ta wajabta shaidar halal. Akwai kuma saɓani na gaske a kan sumar da dabba kafin yanka, da yankan kaji da inji: wasu hukumomin sun yarda da sharaɗi, wasu sun ƙi. Saboda haka takardar da ta buɗe ƙofar wata ƙasa tana iya kasa buɗe ta maƙwabciyarta. A Najeriya, hukumar SON ce ke tsara ma'aunin kaya, NAFDAC ke kula da abinci da magunguna, kamfanoni masu zaman kansu kuma ke ba da shaidar halal. Babban aikin da ke gaban tsarin ƙasa shi ne ɗinke waɗannan wuri guda, a samu tambarin da hukumomin ƙasashen masu saye suka amince da shi a rubuce.

Dabbobin Bauchi da Gombe

Ƙiyasin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa shanun Najeriya a wajen miliyan 20, kuma galibinsu a Arewa suke. A waɗannan jihohi biyu, waɗanda jiha ɗaya ce kafin a cire Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, kiwo sana'a ce ta Fulani makiyaya da kuma manoma masu turka raguna da bijimai a gida. Kasuwanni irin su Tike a Gombe, Kumo, Azare, Soro, Alkaleri da Mararrabar Liman Katagum suna cika da dabbobi kowane mako. Gandun kiwo na Wawa-Zange, wanda ya ratsa yankin Dukku da Funakaye da kewaye, ya haura hekta 140,000, yana cikin mafi girma a ƙasar.

Yadda ake cinikin a yau shi ne a loda shanu da ransu a tirela, a yi tafiyar sama da kilomita 1,000 zuwa Legas ko Fatakwal. Saniya na ramewa a hanya, wata ta karye, wata ta mutu, ga harajin kan titi a kowace jiha. Idan an isa, can ake yanka, can fata da ƙashi da ƙaho da kayan ciki suke zama, tare da aikin yi da ke biye da su. Fatar saniya ma yawancinta ganda ake yi da ita a cinye, ba ta zuwa majema. Ribar da tsarin halal zai iya kawo wa yankin tana cikin juya wannan hanya: a yanka a gida, a sanyaya, a ɗaure a kwali, a tura nama maimakon dabba.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1960 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kamfanin sarrafa nama a Bauchi, aka kuma yi gandun shanu na Galambi. A wannan zamanin ne layin dogo ya iso Bauchi da Gombe a kan hanyarsa ta zuwa Maiduguri, inda ya kai a 1964. Kamfanin ya durƙushe daga baya, an sha yi masa alkawarin farfaɗowa, jirgin ƙasan ma ya daɗe da daina zirga-zirga a layin. Duk mai son ya auna sabon tsari ya kamata ya fara da tambayar abin da ya kashe na farko, domin matsalar wuta da kuɗin gudanarwa da sakacin kula da kayan gwamnati ba su san tambarin halal ba.

Gombe na da wata dama ta daban. Madatsar ruwa ta Dadin Kowa a kan kogin Gongola tana da tashar wutar lantarki mai ƙarfin megawat 40, kuma a kusa da ita gwamnatin jihar ta kafa rukunin masana'antu da aka sa wa sunan Muhammadu Buhari. Ɗakin sanyi ba ya jure ɗauke wuta ko na rabin yini, don haka wuri mai tsayayyar wuta da ruwa shi ne gidan da ya dace da mayanka ta zamani. Jihohin biyu kuma kowacce na da filin jirgin sama, na Bauchi a Durum, na Gombe a Lawanti, waɗanda alhazai ke tashi daga cikinsu zuwa Saudiyya.

Babban shingen dai shi ne lafiyar dabbobi. Ciwon kofato da baki da ciwon huhu na shanu sun zauna daram a ƙasar, annobar awaki da tumaki ma haka. Ƙasashe masu sayen nama suna fara duba matsayin ƙasa a wajen Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya kafin su dubi takardar halal. Suna kuma son a iya bin sawun kowane kwalin nama har zuwa garken da ya fito, abin da ke buƙatar sa wa dabbobi alama a kunne da rajista. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato na haɗa allurar rigakafi, an kuma kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a Yulin 2024, amma yi wa garken da ke yawo tsakanin Najeriya da Kamaru da Chadi rigakafi da rajista aiki ne na shekaru.

Kayan gona sun fi sauƙi, domin riɗi da zoɓorodo da waken suya ba su da matsalar yanka, kuma riɗin Najeriya ya daɗe yana zuwa Japan da Turkiyya da Sin. Nan ma tsabta ce ke yanke hukunci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda ake zubawa a buhu don gudun ƙwaro.

Kuɗi marar ruwa

Wannan ne ɓangaren da Najeriya ta fi yin nisa. Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin banki marar ruwa a 2011, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, bankin Jaiz ya buɗe a Janairun 2012, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus a 2021. Jihar Osun ce ta fara fitar da takardun sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, a 2013, sannan Gwamnatin Tarayya ta fitar da nata na farko na naira biliyan 100 a 2017, aka zuba kuɗin a ayyukan tituna 25 a shiyyoyi shida na ƙasar. Akwai kuma takaful, wato inshorar da ake yi bisa ƙa'idar Musulunci.

Ga manomi da mai kiwo a yankin, amfanin a fili yake. Da yawa suna gudun bashin banki saboda kuɗin ruwa. Tsarin salam, inda ake biyan kuɗin amfanin gona tun kafin girbi, da murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa mutum da sananniyar riba a biya sannu a hankali, suna kusa da abin da 'yan kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe da dillalan kara suka saba da shi. Abin da ya rage shi ne bankunan su fita daga manyan titunan birni su isa ƙauye.

Muhawara

Bauchi da Gombe ba jihohin Musulmi zalla ba ne. Akwai Kiristoci masu yawa a Tafawa Ɓalewa, Bogoro, Billiri da Kaltungo, kuma su ma manoma ne da masu kiwo. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya ta yi adawa da tsarin banki marar ruwa a 2011 da sukuk a 2017, tana mai nuni da sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Amsar gwamnati ita ce harkar ta kasuwanci ce, ba a tilasta wa kowa, kuma wanda ba Musulmi ba na iya mallakar masana'anta mai shaidar halal kamar yadda ake yi a Brazil da Ostareliya da Tailan.

Daga ɓangaren Musulmi ma akwai ƙorafi, amma na aljihu. Mai kilishi ko mai dambun nama da ke son kayansa su shiga manyan kantuna sai ya biya kuɗin rajistar kamfani, da na NAFDAC, da na gwajin ɗakin bincike, sannan na shaidar halal da ake sabuntawa lokaci zuwa lokaci. Idan kuɗin ya yi nauyi, manyan kamfanonin Legas da Kano ne za su kwashe takardun, ƙananan masu sana'a su koma sayar musu da ɗanyen kaya. Indunusiya ta ci karo da wannan matsalar: ta buɗe wa ƙananan masu sana'a hanyar samun shaida kyauta, kuma tun kafin wa'adin wajabta shaidar a kan abinci ya cika a Oktoban 2024, ta ɗaga musu ƙafa zuwa Oktoban 2026.