Shari'ar Tsofaffin Gwamnoni a Najeriya

Shari'ar tsofaffin gwamnoni na nufin jerin ƙararrakin almundahana da hukumomin Najeriya, musamman EFCC, hukumar yaƙi da masu yi wa tattalin arziki zagon ƙasa, suka shigar a kan mutanen da suka mulki jihohi tun komawar ƙasar mulkin farar hula a 1999. Da waɗannan shari'o'i ne jama'a suka fi auna ko doka na iya hawa kan shafaffu da mai kamar yadda take hawa kan talaka. An kama da yawa, an gurfanar da wasu, kaɗan ne aka ɗaure, kuma cikin waɗanda aka ɗaure ma da wuya a nuna wanda ya cika wa'adinsa a gidan yarin Najeriya.

Rigar kariya

Sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a kama shugaban ƙasa da mataimakinsa, da gwamna da mataimakinsa, ko a kai su kotu, muddin suna kan kujera. Wannan shi ne abin da ake kira rigar kariya. Masu kare sashen suna cewa in babu shi 'yan adawa za su hana gwamna aiki da sammaci. A 2002, a ƙarar da lauya Gani Fawehinmi ya shigar, Kotun Ƙoli ta fayyace cewa rigar ba ta hana a binciki gwamna ba, gurfanarwa kawai ta hana. Ke nan ana iya tara hujjoji a ajiye, a jira ranar sauka.

An kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a 2000, EFCC kuma ta fara aiki a 2003 ƙarƙashin Nuhu Ribadu. A 2006 Ribadu ya shaida wa Majalisar Dattawa cewa hukumarsa na binciken gwamnoni 31 cikin 36. Maganar ta ɗaga hankalin 'yan siyasa, ta kuma sa mutane zaman jiran 29 ga Mayu 2007, ranar da yawancin gwamnonin za su tuɓe rigar. Karin maganar da ta dace da lokacin ita ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Ranar ta zo, an kuwa gurfanar da wasunsu. Sai dai abin da ya biyo baya ya nuna rigar kariya ba ita kaɗai ce matsalar ba. Tsohon gwamna mai kuɗi yana da wata rigar da ba a rubuta a kundi ba: manyan lauyoyi, ƙorafi kan hurumin kotu, ɗaukaka ƙara tun kafin a saurari shaida ko ɗaya, takardar likita, da ɗage zama bayan ɗage zama. Peter Odili na Ribas ma umarnin kotu ya samu da ya hana EFCC kama shi ko gurfanar da shi.

Hukuncin farko

Diepreye Alamieyeseigha na Bayelsa shi ne ya buɗe fage. 'Yan sandan Landan sun kama shi a Satumba 2005, suka ce sun samu tsabar kuɗi kusan fam miliyan 1 a gidansa. Ya tsallake beli ya dawo gida, majalisar jiharsa ta tsige shi a Disamba. A Yuli 2007 ya amsa laifi, aka yanke masa shekara 2, ya fita nan da nan saboda an lissafa zaman da ya riga ya yi a tsare. Goodluck Jonathan, wanda ya yi masa mataimaki a Bayelsa, ya yi masa afuwa a 2013.

Lucky Igbinedion na Edo ya yi sulhu da masu gabatar da ƙara a Disamba 2008, aka rage tuhume-tuhumen zuwa guda, aka ci shi tarar naira miliyan 3.5. Tun daga nan mutane suka riƙa kwatanta irin wannan hukunci da na ɓarawon akuya ko na wayar salula, wanda kan shafe shekaru a gidan yari tun kafin ma alƙali ya waiwaye shi.

James Ibori

Ba shari'ar da ta fi ta James Ibori na Delta tona asirin kotunan ƙasar. EFCC ta kama shi a Disamba 2007. Ribadu ya ce Ibori ya ba shi cin hancin dala miliyan 15, shi kuma ya kai kuɗin Babban Banki aka ajiye a matsayin shaida. Makonni kaɗan bayan kamun aka ɗauke Ribadu daga hukumar, aka tura shi kwas a Kuru. A Disamba 2009 wata babbar kotun tarayya a Asaba, babban birnin jihar da Ibori ya mulka, ta yi watsi da tuhume-tuhume 170 da ake masa baki ɗaya. Da 'yan sanda suka je garinsu Oghara a 2010 don sake kama shi, magoya bayansa suka tare hanya, ya sulale zuwa Dubai. Can aka cafke shi, aka miƙa shi Ingila, inda ya amsa laifi da bakinsa, kotun Southwark da ke Landan ta ɗaure shi shekara 13 a Afrilu 2012.

Hukuncin ya yi wa 'yan Najeriya daɗi, ya kuma ba su kunya, domin mutumin da kotun gida ta sallama shi ne ya ce na aikata a gaban alƙalin Turawa. An sake shi a ƙarshen 2016. Da ya koma Oghara a farkon 2017, da kiɗa da rawa aka tarbe shi. Wannan ɓangare ne na labarin da ba a cika son ambata ba: jama'ar da ke kukan an sace dukiyarsu, sau da yawa su ne ke fitowa kare ɗan garinsu idan aka taɓa shi.

Dariye da Nyame

Joshua Dariye na Filato ma an taɓa kama shi a Landan a 2004, shi ma ya tsallake beli. An gurfanar da shi a Abuja a 2007 kan karkatar da sama da naira biliyan 1 na kuɗin gyaran muhalli. Shekara takwas aka kwashe ana jayayya kan ko kotun na da hurumi, sai a 2015 Kotun Ƙoli ta ce ya koma ya fuskanci shari'a. A tsakanin nan har ya ci zaɓen sanata, kuma ba shi kaɗai ba, shi ya sa ake yi wa Majalisar Dattawa laƙabi da gidan ritayar gwamnoni. A shekarar ce kuma aka yi dokar tafiyar da shari'ar manyan laifuka ta 2015, wadda ta hana dakatar da shari'a don kawai an ɗaukaka ƙara kan wani ɗan batu.

A Mayu 2018 Mai Shari'a Adebukola Banjoko ta ɗaure Jolly Nyame na Taraba shekara 14, a Yuni ta yi wa Dariye irin wannan hukunci. Dukansu a lokacin 'yan jam'iyyar APC mai mulki ne, abin da ya sa masu cewa 'yan adawa kawai ake farauta suka ɗan sassauta. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage wa Nyame zuwa 12, Dariye zuwa 10, Kotun Ƙoli kuma ta bar su a ɗaure. Suka zauna a gidan yarin Kuje. Sai a Afrilu 2022 Majalisar Magabata ta amince da afuwar da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa mutum 159, sunayensu na ciki, aka kafa hujja da shekaru da rashin lafiya. Suka fito a Agusta. Afuwar ta fi zafi ne saboda wanda ya yi ta, shugaban da talakawa suka zaɓa a 2015 kan alkawarin yaƙi da cin hanci. Lauyoyi da ƙungiyoyin fararen hula sun yi ta tambayar amfanin shekara 11 da aka ɓata a kotu.

Sauran shari'o'i

An ɗaure Bala Ngilari na Adamawa shekara 5 a Maris 2017, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi bayan 'yan watanni. Orji Uzor Kalu na Abiya ya samu ɗaurin shekara 12 a Disamba 2019 kan sama da naira biliyan 7, amma a Mayu 2020 Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar. Ba ta ce bai ci ba. Cewa ta yi alƙalin, Mohammed Idris, an riga an ƙara masa girma zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, don haka ba shi da hurumin dawowa ya ƙarasa ta. Kalu ya koma kujerarsa ta sanata.

A Afrilu 2024 jami'an EFCC suka yi wa gidan Yahaya Bello na Kogi ƙawanya a Abuja kan zargin naira biliyan 80.2. Ba su samu kama shi ba. Hukumar ta zargi magajinsa, Gwamna Usman Ododo, da fitar da shi cikin ayarin motocinsa, ayarin da ba mai iya tarewa saboda mai shi na sanye da rigar kariya. Aka ayyana Bello a matsayin wanda ake nema ruwa a jallo. Sai a Nuwamba ya bayyana gaban kotu kan wata tuhuma ta daban, ya musanta ta, daga baya aka ba da belinsa.